Cikon Tukwanen Iya Delu

A gidanmu ranar Laraba da wuri ake cin tuwo. Tun rana ba ta gama faɗuwa ba ake sauke tukunya, domin kashegari Alhamis ce, kasuwar Maigatari, kuma tukwanen kakata sai an ɗaure su kafin kowa ya huta. Ƙauyenmu yana tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari. Ƙasar rairayi ce, yumɓu sai an je bakin wani tafki mai ɗan nisa ake haƙo shi. Duk da haka kakata Iya Delu, mahaifiyar babana, da ginin tukwane ta tsufa. Tana gina tulu da tukunyar miya da kasko. Randa kuwa sai wanda ya yi mata magana tun da wuri.

Da an idar da sallar magariba Baffa Sale, ƙanen babana, zai jawo amalanke zuwa ƙofar ɗakinta, don shi ke kai kayan kasuwa. Iya ba ta ɗaga komai. Tana zaune a kujerarta 'yar tsugunno tana nuna masa inda kowace tukunya za ta zauna. Ni da yayata Hansatu aikinmu shi ne kawo ciko.

Ban sani ba ko a ko'ina haka ake kiransa, amma a bakin Iya ciko shi ne duk abin da ake cusawa tsakanin kaya don kada su taɓa juna a hanya. Mafi yawansa ƙaiƙayin gero ne da muke kwasowa a masussuka bayan kaka. Akwai kuma ɓawon gyaɗa, da busasshiyar ciyawa, da karan da aka bubbuga ya yi laushi. Wanda ake zubawa a ƙasan amalanke kafin a ɗora komai, shi take ce wa shimfiɗa. Wanda ke shiga tsakanin wuyan tulu da cikin tukunya, shi ne ciko. Ba a sayar da shi, ba a sa shi cikin ƙidayar kaya. Idan an isa kasuwa a karkaɗe shi a gefen hanya, awakin mutane su bi ta kansa.

Ba na son wannan aiki ko kaɗan. Ƙaiƙayi yana shiga wuyan riga, ya bi gadon baya, mutum ya yi ta susa har gari ya waye. Abin da ke sa na daure shi ne na san idan an ja igiya ta ƙarshe, Iya za ta matso da kujerarta bakin murhu, ta tura guntun itacen da ya rage cikin garwashi, ta miƙe ƙafafunta wajen ɗumi. Hannayenta duk faso ne saboda yumɓu, sai ta riƙa shafa musu man shanu a hankali tana magana. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Cewa take, “Ga wata baƙuwa a ƙofa.” Mu kuma mu ce, “A shimfiɗa mata tabarma.”

Wata Laraba cikin sanyi, ina da kamar shekara tara, na dire kwandon ƙaiƙayi da ƙarfi na ce, “Iya, wannan sharar da muke wahalar ɗauka, ko saye ba a yi. Da an bar ta, ai da amalanken ya ci ƙarin tukwane.”

Baffa Sale ya yi dariya. Iya ba ta yi ba. Ta dube ni da wannan wasan da kaka ke yi da jikanta, ta ce, “Maigida, ashe har ka fara yi mini tsarin kasuwa. Gama aikinka ka wanke hannu. Akwai wata da ta daɗe tana jiranka.”

Ga yadda ta ba mu ita, gwargwadon abin da na riƙe.

Wata mai ginin tukwane ce ta kwanta ciwo, tana da 'ya'ya maza biyu, Jatau babba da Nomau ƙarami. Tukwanen ƙarshe da ta gasa su ne duk abin da ya rage a gidan. Ta raba su biyu, ta sa aka ɗaure wa kowa nasa a raga, aka cusa ƙaiƙayi ko'ina, aka ɗora wa jakai. Ta ce su kai wata kasuwa mai nisa, su sayo hatsi da magani.

Jatau mai sauri ne, shi ya riga fita. Da rana ta take ya iso wata rijiya a gindin gawo, ya tarar da wata tsohuwa zaune da akuyarta. A nan Iya kan ƙanƙance murya. “Ɗana,” in ji tsohuwar, “ka sam mini wani abu cikin kayanka. Ba na so in takura maka. Duba ka ba ni abin da ya fi komai rashin amfani.”

Jatau ya ji daɗi, ga sadaka ta zo masa a arha. Ko tunani bai tsaya yi ba, ya zura hannu cikin raga ya yi ta zaro ƙaiƙayi, har ya tara mata tsibi guda. Tsohuwa ta yi godiya. Ya kora jakinsa, ya ji kaya sun yi sauƙi, jaki har da ɗan sassarfa. Can sai ya fara jin ƙara a bayansa. A daidai nan Iya ta ɗauki kasko biyu ta riƙa gwara su a hankali, ƙwal, ƙwal. Jatau ya ce a ransa, “Ji tukwanena suna hira.” Haka suka yi ta hira har aka zo wata gangara mai tsakuwa. Bayan gangarar bai ƙara jin hira ba. Da ya isa kasuwa ya kwance raga, babu ko guda ɗaya da za ta riƙe ruwa.

Nomau ya iso rijiyar da la'asar. Tsohuwa tana nan, ta roƙe shi abin da ta roƙi wansa. Nomau ya tsaya. Ya kewaya jakinsa yana duba kaya. Ya taɓa igiya, ya ga idan babu ita kaya za su zube. Ya taɓa akumarin da ke bayan jaki, ya ga idan babu shi bayan dabba zai yi gyambo. Ya zura hannu ya zaro ƙaiƙayi cikin tafi ɗaya, sai ya ji tulu ya motsa ya jingina da ɗan'uwansa. Ya mayar da shi inda ya ciro shi. Daga ƙarshe ya kwance bakin raga ya sauko da babbar tukunyar da ke sama, ya ajiye gaban tsohuwa.

“Ɗana, wannan ai ita ce mai tsada,” in ji ta.

Ya ce, “Ita ce mai tsada, Iya. Amma duk kayan nan ita kaɗai ce idan ta fita sauran za su isa lafiya.”

Tsohuwa ta karɓa. Ta ga inda tukunyar ta fita ya bar gurbi, kaya suna rawa. Sai ta jawo tsibin ƙaiƙayin da ke gefenta ta ce, “Cike da wannan. Wani mai gaggawa ne ya ba ni ɗazu.”

Nomau ya isa kasuwa da tukwanensa lafiya, ya sayar, ya sayi gero da magani. A bakin kasuwa ya tarar da wansa zaune ya dafe kai, ga tsingaro a gabansa. Nomau ya durƙusa ya tattara tsingaron a buhu, suka koma gida tare. Da uwarsu ta warke ta daka shi ta kwaɓa cikin sabon yumɓu, kamar yadda masu gini ke yi don tukunya ta jure wuta.

“Nan baƙuwarku ta sauke kayanta,” in ji Iya. Haka take rufewa.

Hansatu ba ta gamsu ba. Ta ce, “Iya, ba aljana ba ce tsohuwar? Ba ta cika wa Nomau tukwanensa da zinariya ba?”

“Wace aljana? Tsohuwa ce kamar ni. Tana da akuya, ba ta da tukunya.”

Ni kuwa Jatau nake tausayi. Na ce, “Ai ita ta cuce shi.”

Iya ta juya garwashi da tsinke, ta ce, “Tambayarsa ta yi, Maigida. Shi ya ba da amsa.”

Ta ba mu wannan tatsuniya ya fi sau goma kafin ta rasu, kuma kowane lokaci tana ɗan sauya ta. Wani lokaci jakai su zama raƙuma, wani lokaci rijiya ta zama mararraba. Tambayar tsohuwar ce kawai ba ta taɓa sauyawa ba. Ni dai abin da na ɗauka a lokacin shi ne Nomau wayo gare shi, Jatau kuma wawa ne, kuma na tabbata idan na girma Nomau zan zama.

Iya ta rasu ina makarantar sakandare a Gumel. Babu wanda ya gaji ginin, robobi da tukwanen ƙarfe sun riga sun cika kasuwa. Kalmar ciko ma na daina jin ta da ma'anar da na sani. Sai dai a ce cikon haƙori, ko a ce wane cikon benci ne, wato yana zaune ne kawai don kada wurin ya zama fili. Har ni ma na saba da ita a haka.

Bayan na gama karatu na sami aiki a wani sito a Maigatari inda ake tara busasshen zoɓo, a tsince shi, a ɗura a buhu, a loda a kwantena zuwa tashar jiragen ruwa a Ikko. Na shekara uku ina rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, sannan maigidan, wani Alhaji mutumin kirki amma marar son jira, ya ɗora ni a kan lodi gaba ɗaya.

A cikin ma'aikatan akwai wani dattijo, Baba Ilu, mutumin wajen Gagarawa. Ba ya ɗaukar buhu, ƙarfinsa ya wuce nan. Ya yi zaman Damagaram da ƙuruciya, shi ya sa kwali ma karto yake ce masa. Duk kwantenar da ta zo, shi ke fara shiga. Ya shiga shi kaɗai ya sa a turo masa ƙofa, ya jima a ciki, sannan ya ƙwanƙwasa a buɗe. Daga nan ya jera katako a ƙasa, ya shimfiɗa kwali, ya bi bango da shi, idan an gama lodi ya rufe saman buhunan da wani, ya cusa tsofaffin buhuna inda ya ga gurbi. A takardar lodi akwai wata kalmar Turanci da ake rubutawa a madadin waɗannan tarkace, na iya rubuta ta ba tare da na taɓa tunanin me take nufi ba. Aikin Baba Ilu yakan ci sa'a guda ko fiye. Direbobi suna tsaki, masu dako suna zaune suna jira a rana.

Da Alhaji ya ce mini, “Lodin nan yana cin lokaci, ka duba duk abin da ba dole ba ka rage shi,” ban wahala wajen dubawa ba. Na kira Baba Ilu gefe, na yi masa magana mai daɗi, na ce ya tsufa, ya kamata ya huta. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, “To, Malam Sani. Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Ya ɗauki butarsa da 'yar jakarsa ya tafi. Na gaya wa masu dako su riƙa jefa kwali uku huɗu a ƙasa su ci gaba da aiki.

Lodi ya yi sauri. Duk abin da muka tura da rani ya isa lafiya, Alhaji har ya yaba mini a gaban mutane. Sai damina ta kama a kudu. Muka loda wata kwantena, ta yi kwanaki a hanya, ta ƙara wasu a layin tasha. Da masu duba kaya suka buɗe ta, sai wari ya tarbe su. Buhunan sama da na jikin bango duk sun jiƙe, zoɓon ya yi baƙi ya yi fumfuna. Na ƙasa kuma sun ɗauki warin wani abu da aka taɓa lodawa a ciki. Aka ƙi karɓa, aka juyo mana da ita.

Ina tsaye aka sauke ta. Wannan zoɓo na san matan da suka tsince shi, na san ƙauyukan da aka auno shi. Alhaji ya tsaya kusa da ni bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Masu sayen nan shekara da shekaru muna tare, ba su taɓa dawo mini da buhu ɗaya ba. Yanzu sun ce sai sun yi shawara kafin su sake karɓar kayanmu. Me ya sauya?” Na san abin da ya sauya, na kuma faɗa masa. Bai kore ni ba. Cewa kawai ya yi, “Ni na ce ka rage, amma kai ne a wurin.”

Ko a lokacin tatsuniyar Iya ba ta zo mini a rai ba. Sai da na je Gumel wajen Hansatu, wadda ke koyarwa a can, na zauna a tsakar gidanta na ba ta labari tun daga farko. Tana tankaɗe gari tana saurare. Da na gama ta ajiye rariya ta ce, “Sani, ashe kai ne ka ba tsohuwa ƙaiƙayi.”

Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban ji ba ko a gaban Alhaji.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau babur na nemi ƙauyen Baba Ilu. Na same shi a ƙofar gida a inuwar darbejiya yana tufka igiya, ga tumaki biyu a ɗaure. Ya shimfiɗa mini buhu, ya sa aka kawo ruwa. Labarin kwantenar ya riga ni zuwa, amma bai ambata ba. Muka gaisa, muka yi zancen damina. Sannan na ce, “Baba, na zo ne in ba ka haƙuri. Na yi kuskure. Ina so ka dawo.”

Ya ci gaba da tufka na ɗan lokaci. Ya ce, “Haƙuri kam na yi tun ranar. Sallama ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi aikin ƙarfi, an sallame ni a wurare da yawa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Shekara uku kana ganina ina shiga kwantena ina sa a rufe ni a ciki. Ba ka taɓa tambayata me nake yi ba.”

Na sunkuyar da kai. Na ce, “Me kake yi a ciki, Baba?”

Ya ajiye igiyar. Ya ce idan an rufe ƙofa duhu ne ke nuna masa inda ƙarfe ya huje, don haske yana shigowa ta nan kamar allura, kuma inda haske ya shigo ruwa ma zai shigo. Ya ce yakan durƙusa ya shinshina ƙasa, don katakon ƙasan yana riƙe warin abin da ya ɗauka a baya. Ya ce ƙarfe yana gumi. Da rana ya yi zafi, da dare ya yi sanyi, idan aka shiga ƙasar raɓa irin kudu sai ruwa ya taru a rufin ya riƙa ɗiga. “Karton sama shi ke shan wannan. Na bango shi ke hana buhu jingina da ƙarfe. Ba yawansa ba ne, Malam Sani, sanin inda za a sa shi ne.” Ya yi ta bayani har aka kira la'asar, ni kuwa ina rubutawa a bayan wata takarda da na samu a aljihu.

Bai dawo aiki ba. Ya ce idonsa ya fara rauni, kuma ya saba da tumakinsa. Abin da ya yarda da shi shi ne ya zo sau biyu ya nuna mana. Ya zo, ya shiga da ni da mutum biyu cikin masu dako, aka rufe mu, muka tsaya cikin duhu har idona ya gano wani ɗan ɗigon haske a kusurwa wanda da ni kaɗai ne ba zan gan shi ba. Masu sayen kayanmu sun dawo bayan wani lokaci, da kaɗan-kaɗan suka fara. Baba Ilu ya rasu bayan shekara biyu. Na je jana'izarsa.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Ina yaro na ɗauka Jatau wawa ne, amma yanzu ba na ganin haka. Mutum ne mai sauri da aka yi wa tambaya mai kama da sauƙi, ya duba abin da ake saye da wanda ba a saye, ya yanke hukunci. Yawancinmu haka muke yi, kuma sau da yawa kayan suna isa lafiya, shi ya sa ba ma ganewa. Nomau ma ba wani ilimi ya fi shi ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya tsaya ya taɓa kowane abu, ya ga me zai motsa idan aka cire shi.

Na san tatsuniyar tun ina shekara tara, ina iya ba da ita da muryoyinta duka, amma da tambayar ta zo mini a bakin Alhaji ban gane ta ba. Yanzu idan aka ce in rage wani abu, ko wani mutum, nakan ce a ba ni kwana biyu. Sai in je in same shi a inda yake aiki, in zauna, in ce ya nuna mini abin da yake yi.